Iskar da Ta Juya Baya

Farfesan da ke duba aikin digirina na tsaye gaban allo yana nuna wa taron masana aikina a matsayin nasa. Shekara uku na yi ina haɗa manhajar nan da ke kwaikwayon yadda iska ke kewaya wata duniya mai nisa. Ya cire sunana, ya ce ko in kama bakina ko in manta da digiri. Ina kujerar baya ina kallo.

Sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu. Ita ce shugabar masu binciken da suka harba na'ura zuwa waccan duniyar.

"Dakata, Farfesa. Me ya sa iskarka ta nufi yamma? Kowa ya san gabas take yi."

Gumi ya karyo masa. Ya dubi allon, ya sake dubawa, sannan ya nuno ni da yatsa.

"Kuskure ne, ranki ya daɗe. Ga ɗalibata can, ita ta yi lissafin daga farko har ƙarshe. Wallahi ko layi ɗaya ban rubuta ba."

Kowa ya juyo. Na miƙe tsaye.

"Gaskiya ne, 'yata?" in ji ta.

"Eh, Mama, ni ce."

Ta cire tabarau ta yi murmushi. "Shekaranjiya na'urarmu ta aiko da sakamako. Yamma iskar take yi. Na zo ne neman wanda ya riga mu ganowa. Na gode, Farfesa, ka rage mini aiki."