Diskin Nazifa

Zahiru mai gyara ya kife kwamfutar a kan teburinsa, ya buɗe murfin ƙasa, ya tarar da gurbin diski wayam. Kan sukurori biyu ya ɓare, kamar da wuƙar kicin aka kwance su.

"Inna, ina na cikin?"

"Shina gida," in ji Rauda.

Kwamfutar 'yarta ce Nazifa, wadda ruwa ya ci kwana goma sha biyu da suka wuce. Mutanen bakin kogi sun ce santsi ya kwashe ta wajen shiga kwalekwale. Mahaifin Nazifa, Issufu, yana can Kwatanu da motar albasa lokacin, bai sami jana'iza ba. Gobe zai iso. Abu ɗaya ya roƙa ta waya: ya kunna kwamfutar, ya ga hotunan 'yarsa.

Zahiru ya fito da wani diski siriri kamar tsinken rake. Ya ce irin na yanzu ke nan, amma bakinsa ba zai shiga wannan gurbin ba. Ya kawo wani mai faɗin tafin hannu, bakin ya dace, sai dai kaurinsa ya hana murfin rufuwa. Na ukun ya zauna daram.

Rauda ta sa tabarau ta duba takardar da ke manne a bayansa. Ta ce na Nazifa takardarsa shuɗiya ce, wannan kuwa baƙa.

"Launi ba shi aiki, Inna. Kuma in gaya miki gaskiya, kowane na sa, hwanko ne. Hotunan suna cikin tsohon. Ki kawo shi, ko ya mutu sai mu gwada."

A waje 'yan kabu-kabu na ta kiran Gaya, Gaya. Rauda ta tsaya tana kallon wani kwali a ƙarƙashin teburin, cike da ƙarafa masu ƙura.

"Waɗanga hwa?"

"Matattu ne. Masu awon ƙarhe nika tara ma."

Ta durƙusa, ta yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, har ta sami mai shuɗiyar takarda. Ta gwada kaurinsa da yatsu biyu, ta miƙa masa.

Zahiru ya dube ta. Ya san Nazifa, ya san abin da ya faru, ya kuma ga yadda rashi ke juya mutane. Bai yi gardama ba. Ya sa diskin, ya ɗaure da sababbin sukurori, ya danna maɓallin kunnawa. Wata 'yar ƙara ta fito, ƙyas, ƙyas, ƙyas, fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa.

"Kin gani. Ko Yamai aka kai shi ba mai tada shi."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ta yi godiya, ta naɗe kwamfutar a zane, ta fita.

Ba ta hau babur ba. Ta bi gefen titi da ƙafa, tana tsara goben a ranta. Issufu zai danna, ya ji ƙarar, ya kai wa masu gyara, su buɗe su ce masa ya mutu. Zai yi baƙin ciki kwana biyu, sannan ya ce haka Allah ya so, santsi ne ya raba shi da 'yarsa, yanzu kuma hotunan sun bi ta.

A ƙasan jakarta, cikin ɗankwali, diskin Nazifa yana nan lafiya lau, ɗauke da wasiƙar ban kwana da ta rubuta musu kafin ta nufi kogi.