Lamba Arba'in da Biyu

Ruwan kogi ya cinye gidaje sittin a Gamkalle. Filayen da aka samu a kan tudu ashirin ne kawai.

Kwamitin unguwa ya raba tikiti, daga ɗaya zuwa sittin. Lawali shi ne mai ordinater, wato kwamfuta, don haka aka ce ya nemo hanyar zaɓe wadda ba hannun mutum a ciki. Shi ya kawo shawarar kada a rubuta suna. Mai tikiti a hannu shi ne mai fili.

Uwarsa, Inna Aisa, ta sami arba'in da biyu. Maƙwabciyarta Balkisa, makauniya, ta sami uku. Wannan Balkisa ce ta hana shi ƴarta shekara tara da suka wuce, ta ce ba ta ba ɗan mai tallar ganyen salati. Lawali bai manta ba.

Kwana huɗu ya yi yana neman dokar da za ta ka da uku, ta tsirar da arba'in da biyu. Ordinater ba ta san lamba ba sai da sifili da ɗaya. Uku a wurinta 11 ce. Arba'in da biyu kuwa 101010. Sai ya ce duk lambar da ɗaya da ɗaya suka zauna kafaɗa da kafaɗa a cikinta ta faɗi. Ya ƙirga waɗanda suka tsira. Ashirin cif. Dattawan kwamiti ba su gane komai ba, suka sa hannu.

Bai gaya wa uwarsa ba, ya san bakinta.

"Arba'in da biyu!" in ji ta. "A layin asibiti ma mai wannan lamba gida yake komawa. Kai da kake ciki, ba ka iya sama mini ta gaba?"

"Inna, ki riƙe abinki kawai."

Ranar Asabar da hantsi aka taru a filin makaranta, inda suke kwana a azuzuwa tun ambaliya. Ya hango uwarsa ta riƙo sandar Balkisa tana yi mata jagora, har ta gyara mata ƙullin zane. Ya ce a ransa, tsufa ya sa Inna tausayi.

Ya fara kira. "Ɗaya. Biyu. Huɗu."

Ya ɗaga ido don ya ga fuskar makauniyar. Ba ta motsa ba. Ya ci gaba. Biyar, takwas, tara, goma, sha shida. Wani tsoho mai lamba bakwai ya tashi yana rantsuwa, aka zaunar da shi. Wata mai goyo ta faɗi ƙasa tana kuka. Lawali bai dube ta ba.

"Arba'in. Arba'in da ɗaya." Ya ja numfashi. "Ta ƙarshe, arba'in da biyu."

Ba wanda ya fito. Ya sake kira. Mutane suka shiga duba takardun juna. Can wata mata ta leƙa hannun Balkisa, ta rangaɗa guɗa, aka ɗaga makauniyar sama tana tambayar abin da ya faru.

Inna Aisa ta kutso cikin taro, ta kama masa hannun riga.

"Lawali, kun tsallake uku. Koma ka kira. Da ƙyar na zare ta daga bakin zanen makauniyar nan, na ƙulla mata tawa."