Taɓarya a Ƙofar Ɗaki

Shekarar da ƙyanda ta shiga Katuru, ƙanena Sani yana kwance, jikinsa duk ƙuraje. Bayan la'asar sai ga Goggo Hajo, yayar babanmu, ta iso daga Shinkafi dubiya, da jaririyarta a goye.

Inna tana daka a tsakar gida. Ta riga Goggo isa ƙofar ɗakin Sani, ta gitta taɓarya.

"Yaya, ki gaishe shi daga nan."

Goggo ta ja ta tsaya. "Ni za ki hana ma ganin ɗan ƙanena? Ciwo ba na Allah ba ne?"

"Na Allah ne. Ɗiyar ga da ke bayanki ma amanar Allah ce."

Kafin ranar, Inna ba ta taɓa mayar wa Goggo magana ba. Sani ya yi tari a ciki. Goggo ta juya, ko ruwa ba ta sha ba, kuma ta daɗe ba ta taka gidanmu ba.

Sani ya warke, jaririyar ba ta kamu ba. Yanzu da nake da nawa 'ya'yan, nakan yi shakka ko zan iya tare babba haka.