Zakarun Injiniya Mijinyawa

Asta ta dama fura tun da safe, ta cika kwalba da man shanu, ta kama hanyar Gwarzo. Roƙo ɗaya za ta kai wa Injiniya Mijinyawa: a bar mata ɗanta ya yi aiki kusa da gida.

Roƙon da nauyi. Badaruddeen ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce tana kewarsa. Amma shi kaɗai gare ta, idonta ya fara hazo, kuma ta ga yadda aka yi da 'ya'yan maƙwabta.

A Tsamiyar Jalo, ƙauyensu da ke gefen Durun, ba a kiran sunan Injiniya sai an haɗa da addu'a. Shi ya gina dam ɗin da ke saman gari a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da siminti ya fi ƙarfin gwamnati kanta. A rani guda ya gama dam, ya gama benensa, mutane suka ce albarka ce. Ya ɗauke mahaifiyarsa daga ƙauyen ya kai ta kan tudu a Gwarzo, wai sauro ya dame ta, aka ce ɗa na gari. Duk shekara kafin damina sai ya aiko a shafe bangon dam da sabon fenti.

Ga kuma shirin zakarun ɗalibai da ya ɗauki nauyinsa a jami'a. Duk yaron ƙauyen da kansa ke ja a lissafi, Injiniya zai ji labari kafin uban yaron ya ji. Ya sa shi a shirin, ya karanta injiniyanci, ranar da ya gama aiki na jiransa: wannan Fatakwal, wancan Jidda. Da shari'a ta zo, aka fara zancen hannun ɓarawo, Injiniya ya tsayar da gemu, ya koma sahun gaba a masallaci, ya ninka guraben shirin.

Badaruddeen ya fito zakaran zakaru. Ya dawo gida ya ce shi a sashen ruwa na Kabo zai nemi aiki, ko albashin bai taka kara ya karya ba. Asta ta ji daɗi har ta kasa ɓoyewa. Ran Juma'a ya tafi dam shan iska, ya daɗe tsugune a gindin bango yana ɓare fenti da farce, mai gadi na kallonsa. Ya dawo bai taɓa tuwo ba. Kafin wata Juma'ar direban Injiniya ya iso da albishir: an samo wa yaro aiki a Warri.

Injiniya ya karɓi Asta hannu bibbiyu, ya tambayi gida da shanu da mutanen gari ɗaya bayan ɗaya. Da ta cije ta faɗi abin da ya kawo ta, sai ya dafe ƙirji.

"Haba Gwaggo! Irin wannan ƙwaƙwalwa ta zauna a ƙauye? Ai sai Allah ya tambaye ni."

Ya karɓi fura, ya ba ta turmin atamfa. Ta fito tana hawaye tana sa masa albarka, tana jin kunyar son kanta.

Ranar tafiya ta raka ɗanta tashar Kabo. Mota ta cika, ta matso jikin taga.

"Ka riƙe amanar bawan Allahn nan, ka ji ko? Ya yi maka abin da uba bai yi ba."

Badaruddeen ya daɗe yana kallon takalmin da Injiniya ya saya masa, sannan ya rage murya.

"Inna, kafin ruwan farko ki koma Getso wajen Gwaggo Rahama, kar ki yi damina a gida. Mutumin nan ba karatunmu ne ya dame shi ba, so yake kada wanda ya iya gane tsagewar bango ya zauna a ƙarƙashin dam ɗin."