Layin da Aka Ja a Koriya

Kakana ya daina ɓare gyaɗa, ya kara rediyo a kunne. Muna zaure a Kurugu, bayan azahar.

"Wata tsohuwa ce a Koriya ta ga ɗanta," in ji shi. "Tun yana goye rabonsu, yanzu har ya yi furfura. Yaƙi aka yi, aka ja layi a tsakiyar ƙasar."

"Ba a tsallakawa?"

"Ko gaisuwa ba ta wucewa. Wannan ma izinin 'yan kwanaki aka ba su su gana."

Da safen nan Inna ta tafi suna Zoza, kuma na sha jin cewa Zoza ta Rogo ce, mu na Ƙaraye ne. Na fashe da kuka. "To Inna fa? An rufe ta can?"

Ya yi dariya har da tari. "Haba amarya! Tamu iyakar ko akuya tsallake ta take yi. Kafin magariba uwarki na gida."

Na share hawaye. "Ita tsohuwar, ta tafi da ɗanta?"

"A'a. Kowa ya koma gefensa."

Har yau in na tuna, sai jikina ya yi sanyi.