Zoben Shamuwa

Da safe ina shara na lura ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidanmu tas yake, ko ɗigon kashin tsuntsu babu.

Tun da aka sa wa kowace shamuwa zobe a ƙafa, tauraron ɗan'adam ke bin sawunta. Doka ta ce garin da shamuwa ta daina sauka, damina ta bar shi, sai a kwashe mutanensa. Amma a wayar kowa, ɗigon da ke nuna shamuwarmu na nan kan tsamiyar.

"Ke Tasalla, me kike leƙe sama kamar mai duban wata?" in ji maƙwabciyarmu, Inna Delu.

"Inna, bana kin ga ta tashi?"

"Kwanci take yi. Waya ai ba ta ƙarya."

Na ɗauko gora na zunguri sheƙar. Busasshiyar ƙafa ta faɗo da zobenta, ɗaure da koren zaren da kakana ke ɗinkin hula da shi.

Inna Delu ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Mun fa riga mun shuka!"

Kakana na zaune a dakali. Ya dubi ƙafar, ya laluba takalmansa, ya kama hanyar gona.