Dutse na Tara

Sai da tela ya watsa bokitin ruwa na farko a kan daɓen, sannan sawun ya fito.

Sati uku ya yi yana aikin, shi kaɗai, duk yamma in ya rufe shago. Ya haƙe bayan gida, ya zuba tsakuwa, ya baza yashi, ya ja igiya don ruwa ya riƙa gangarewa nesa da bango. Falalen duwatsu ne masu launin yashi, irin masu shan ruwa, ashirin da huɗu. Na hannu ne, wani dillalin kayan rusau ya kawo su, kowanne da lamba da aka rubuta da alli a gefensa.

Matarsa ce ta ba shi lambar wayar dillalin. Daɓen ne abu na farko da ta nema tun rasuwar 'yarsu, wadda suke kira Agwagwa saboda tafiyarta. Shekara biyu ke nan. Bayan rasuwar ya ɗauke ta daga tsohon gidan hayarsu, don a can duk ranar da aka yi ruwa takan zauna bakin taga tana kallon waje, ba ci ba magana. A sabon gidan ko tagar ba ta buɗewa. Sau ɗaya ta taɓa fita, ta ce asibiti, ta dawo takalmanta duk ƙura.

"Ka bi lambobin," iyakar abin da ta ce ke nan. Ya bi. In daɓe ne zai fito da ita ta sha iska, ko dubu ne zai jera.

Yanzu dutsen ya jiƙe, ya yi duhu, ban da wasu 'yan wurare da suka ƙi shan ruwa. Sawu ne na yaro, fari-fari, guda bakwai. Sun taso daga dutse na tara sun nufi ƙofar kicin. Ƙafar hagu ta karkata ciki.

Ya san ƙafar. Shi ya riƙa yanka mata wando da wannan karkatar a ransa.

Rana ta busar da dutsen, sawun ya ɓace. Ya sake watsa ruwa, ya dawo.

Washegari ya kira maƙwabcinsa, tsohon magini, ya nuna masa. Magini ya tsuguna ya daɗe, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Shekara arba'in ina aza dutse, ban taɓa aza wanda ke tafiya ba. Ni dai in gidana ne, yau ɗin nan zan kwashe."

Tela bai kwashe ba. Ya sa omo da buroshi ya dirje har yatsunsa suka fashe. Wani ɗan wari ya tashi, na man keken ɗinki, ya shinshina hannunsa ya ce nasa ne. Sawun bai gusa ba.

Abin da ke cin ransa ba tsoron sawun ba ne. Matar da da ƙyar ta fara cin abinci, in ta leƙo ta ga ƙafar 'yarta na tahowa ƙofarta, bai san abin da zai rage mata ba. Ga damina ta kawo kai.

Na tara ya fi fitowa, ƙafa biyu a haɗe, kamar ta tsaya tana jira a kira ta. Ya sa shebur ya ɗago shi ya kife. Sauran sawu biyar ɗin ya ja tukwanen fure da benci ya rufe su.

Ranar Asabar da hantsi hadari ya haɗu. Yana tsaye bakin kicin ruwan ya sauko, ya ji motsi a bayansa. Matarsa ce, ba takalmi.

"Koma ciki," ya ce. "Da sanyi."

Ta wuce shi. Ta shiga ruwan, ta ja bencin gefe, ta ture tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko laluba ba. Sawun ya fito sarai. Ya jira ihu. Ta durƙusa ta ɗora tafinta a kan na kusa da ƙofa, ta daɗe. Sannan ta ƙirga, ta ɗago.

"Saura biyu. Ka kife na tara, Baban Agwagwa."

Rabon da ta kira shi haka tun ranar jana'iza.

"Ya aka yi kika..."

"Ka tuna ran da aka kifar maka da man keke, na ce mage ce?" Ta share ruwan fuskarta, kuma a karon farko cikin shekara biyu ya ga murmushinta. "Agwagwa ce, ta taka ta ruga waje don kada ka yi faɗa. Daɓen tsohon gidanmu ne wannan, ni na je na sa musu lamba ranar da aka zo rushewa."